Ajiyar abinci don ranar matsi: tambayoyin da mutanen zangon Akra suka fi yi

Mma, Allah ya jiƙanta, hatsi take aunawa a kasuwar Nima, ni kuma a tsakanin buhunanta na yi wayo. Ban gaji sana'ar ba, amma na gaji tambayoyin. Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, ko aka ji kuɗin olonka, wato gwangwanin da ake awon hatsi da shi, ya motsa, sai a tare ni a wurin suna ko a bakin famfo. Ga waɗanda aka fi maimaita mini, da abin da nake faɗa.

Yaya, mu da kasuwa ke bakin ƙofarmu, me zai sa mu tara abinci kamar masu rumbu a ƙauye?

Saboda ƙofar tana rufuwa, kuma ba ta yin sallama. Daren Juma'a 27 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ba da sanarwar kulle Akra da Kumasi saboda cutar korona, dokar ta fara aiki ranar Litinin 30 ga wata, aka yi sati uku a cikinta. Kwana biyu kacal aka samu a tsakani. Wanda ya shiga Nima ko Agbogbloshie a wannan Asabar ɗin ya ga yadda gari, wato garin rogo, abincin da ake rainawa, ya yi tashin gwauron zabi kafin la'asar. Ba a hana masu sayar da abinci fitowa ba, amma direban trotro, wato motar haya, da tela da mai ɗaukar kaya da ke ci daga abin da suka samo a yini, da me za su saya?

Kafin nan akwai daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya cika gari, gidan mai na Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ya kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Washegari a Alajo da Adabraka akwai gidajen da ko ashana busasshiya babu. A Disamba 2022 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuɗin cefanen jiya ba ya sayen na yau. Manyanmu za su ƙara miki da 1983, shekarar fari da gobarar daji, da aka koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito aka sa masa suna sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin.

Amma ni abin da na fi gani yana kayar da gida bai kai waɗannan girma ba. Maigida ya kwanta zazzaɓi kwana goma. Albashi ya makara. An kama babur. Ajiyar ranar irin wannan ake yi wa, manyan masifu kuma su same ta a shirye.

Na kwana nawa ya kamata a ajiye?

Ki fara da kwana uku, na abin da ba ya neman wuta. In wannan ya zauna, ki kai sati biyu na abin da kuke dafawa kullum. Ga mai ɗaki ɗaya ko biyu a Mamobi ko Sabon Zango, sati biyu ya isa. Masu cewa a tara na wata shida ba su taɓa kwana da buhu a ɗakin da bango ke jiƙewa da damina ba.

To, sati biyun nan, olonka nawa ke nan?

Masu rabon abincin agaji suna lissafa wa mutum ɗaya kimanin giram 400 na hatsi a rana, giram 60 na wake, giram 25 na mai, da gishiri giram 5. Olonka ɗaya ta masara tana kai kilo biyu da rabi, ko kusa da haka, gwargwadon hannun mai awo. Ke nan gidan mutum shida yana cin kusan olonka ɗaya ta hatsi kowace rana. Sati biyu: olonka 14, a raba tsakanin shinkafa da masara da gari, har da gero in kuna shan koko. Wake olonka biyu. Mai lita biyu da ɗan ɗori. Gishiri rabin kilo.

Wannan ma'aunin kada a mutu ne, ba na walima ba. In kina da samari uku a gida kin san lissafin zai karye. Hanyar da ta fi wannan gaskiya ita ce ki sa ido sati guda, ki ga abin da tukunyarki take ci, ki ninka biyu.

Me zan fara saya?

Gari. Na san za a yi dariya, amma duk ƙasar nan babu abin da ya kama ƙafarsa a ranar wahala. Ba ya son wuta, ba ya son firij, yaro ɗan shekara bakwai zai iya haɗa wa kansa. Da ruwa da sukari da gyaɗa ya zama kalaci, da shito, soyayyiyar miyar barkonon nan, da sardin ya zama abincin rana, in an samu ruwan zafi ya zama tuwo. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Gana ya san wa ya rufa masa asiri. Sai dai ki zaɓi wanda aka soya ya bushe ƙarau, mai ƙara a tsakanin yatsu. Wanda ya yi laushi yana dunƙulewa a tafin hannu, ki bar wa mai shi.

A gefen gari ki sa ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa a kwalba, dabino, madarar gari, sukari, ganyen shayi, biskit, da sardin ko makarel na gwangwani. Waɗannan su ne na kwana ukun farko.

Na dafawa kuwa, abin da iyayenmu suka zo da shi daga arewa ya riga ya warware mana matsalar miya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, citta, kanwa: duk an busar da su ne don su jira. Ki haɗa da busasshen kifin amane ko ƙananan kifin nan na Keta, da koobi, wato busasshen kifi mai gishiri, guda biyu, da timatir na gwangwani ƙanana. Ƙanana na ce, don babban gwangwani in an buɗe shi ba wuta, kwana biyu ya yi gashi.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ki sayi abin da gidanki ba ya ci don kawai an ce yana daɗewa. Na san gidan da aka sayi katan na waken gwangwani lokacin kulle, yara suka ƙi shi, ya zauna ƙarƙashin gado har ya yi tsatsa. Abin da kuke ci shi za ki ajiye, kuma abin da kika ajiye shi za ku riƙa ci, kina mayar da sabo a bayansa.

Ruwa fa? Kullum maganar abinci ake yi.

Da za a bi tawa, da ruwa za a fara. Mutum yana jure yunwa kwanaki, ƙishirwa ba ta ba da wannan rance. Na sha kaɗai, ki lissafa lita uku ga kowane mutum a rana, zafin Akra ba ya wasa. Jakar fiya wata tana da leda 30, kowace rabin lita, lita 15 ke nan. Gidan mutum shida yana shanye jaka guda da ɗori a yini. In aka haɗa da girki da alwala da wanke hannu da ɗan wanka, ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne lita 15 ga mutum, wato galan Kufuor, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, kusan huɗu a rana ga wannan gida.

Ba wanda ke da wurin ajiye na sati biyu a ɗaki. Abin da zai yiwu: jaka uku ko huɗu na sha, a ɗora kan katako nesa da rana da kalanzir, da galan biyu zuwa huɗu cike a rufe, ana amfani da su ana sake cikawa. Ranar da famfo ya zo, a cika komai kafin a fara wanki, ba bayan an gama ba.

In ruwan da aka samu ba ki yarda da shi ba, ki tace da tsumma mai tsabta, ki tafasa ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. In gawayi ya yi ƙaranci, akwai ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a kantin magani. A bi abin da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Akra. Randa ko bokitin sha kuma, a ba shi moɗa ɗaya mai mariƙi, kada kowane yaro ya tsoma kofinsa da hannunsa.

Ɗaki ɗaya muke da shi, ni da maigida da yara huɗu. A ina zan sa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ke za ki zaɓi kusurwa. Ni dai ƙa'ida uku nake bayarwa. Kada abinci ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango, kada ya zauna a buhu.

Siminti yana tsotso danshi ya ba hatsi, ko ba ki ga ruwa da ido ba. Ki samu bulo biyu da katako, ko tsohon benci. In unguwarku tana shan ruwa, kamar masu zama kusa da babban gwatan da ya raba Nima da Mamobi ko bakin kogin Odaw, ki duba inda alamar ruwan bara ta tsaya a bango, ki ɗaga ajiyarki sama da nan. Saman kwaba ya fi ƙarƙashin gado a irin wannan gida.

Buhu kuwa gayyatar ɓera ne. Bokitin roba mai murfi mai kamawa, ko galan da aka wanke ya bushe sarai, su ne rumbun ɗan birni. Bokiti huɗu a jere, ɗaya kan ɗaya, ba su fi wurin kujera ɗaya ci ba. Galan da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ko sinadarin sabulu a ciki, ko an wanke shi sau goma, ba na abinci ba ne.

Wakena ba ya wata guda sai ƙwari su huda shi. Ina laifina?

Ba ki da laifi, da ƙwan kika sayo shi. Ƙwaron wake tun daga gona yake saka ƙwai, ki kawo gida yana kyau, bayan sati uku ko huɗu ki buɗe ki ga ramuka da gari a ƙasa. Maganinsa a kashe abin da ke ciki tun ranar farko.

In kina da firiza kuma wuta ta tsaya, ki ƙulle waken a leda ki sa shi kwana huɗu, ki fitar ki bar shi ya huce a cikin ledarsa kafin ki buɗe, don kada ya yi gumi. In babu, rana ta isa: baƙar leda a ƙasa, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da duwatsu, a bar shi tsakar rana awa uku zuwa huɗu. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaro da ƙwansa.

Daga nan sai galan. A cika shi har wuya, a bubbuga ya zauna, a ƙara, a sa leda a bakin a murɗe murfi tam. Ƙwaro ma numfashi yake yi. In iska ta ƙare masa ya mutu. Sirrin shi ne kada a riƙa buɗewa. Shi ya sa na ci daban, na ajiya daban. Ƙananan galan uku sun fi babba ɗaya. Mai sayen buhu guda kuwa ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki wurin masu kayan noma, aikinsa ɗaya ne da na galan.

Mma tana zuba busasshen barkono da ganyen darbejiya, wani lokaci toka. Suna taimakawa, ban musa ba, amma ban taɓa ganin sun ceci waken da ya riga ya kamu ba.

An ce akwai wata ƙwaya da ake jefawa cikin buhu, ƙwari su mutu duka. In saya?

A'a, ƙanena. Ko kyauta aka ba ka kada ka shigo da ita gida. Wannan ƙwayar, in ta sha danshin iska, gas take fitarwa mai kisa, kuma ba shi da makari. An yi ta ne don manyan sito da ba kowa ke kwana ciki ba, a hannun wanda ya koyi aikin. A 2018, a nan Akra, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan magani a ɗaki don kashe ƙwari. A gidan haya ma, inda rufin ɗakuna ke haɗe ta sama, ba iyalinka kaɗai ka sa a hatsari ba.

Haka kuma in ka sayi wake ka ji yana warin magani, ko ka ga farar hoda a jikinsa, ka mayar. Waken da ke da ɗan rami ɗaya biyu ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ƙuda ma ba ya sauka kansa.

Masara da gyaɗa in sun ɗan yi fumfuna, ba sai a wanke a shanya ba?

Nan ne mutane da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da dafin da ake kira afalatoksin. Wanki ba ya fitar da shi, tafasa ba ta kashe shi, suya ma haka. Ba ya kayar da mutum yau, hanta yake ci a hankali, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo kansar hanta. Ƙwayar da ta canza launi, ta yi kore ko baƙi, ko ta motse, ko gyaɗar da ta yi ɗaci a baki, a tsince a zubar. Kada a ce a ba kaji ko akuya.

Rigakafin shi ne bushewa. Ki ciji ƙwayar masara: in ta fashe da ƙara ta bushe, in haƙori ya nutse da saura. Ko ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba gishiri busasshe cokali guda da masara tafi ɗaya, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta isa ajiya ba, a mayar da ita rana.

Kuma ki ajiye ta ƙwaya, ba gari ba. Garin tuwo a danshin Akra wata ɗaya zuwa biyu ya fara canza wari. Ki niƙa na sati biyu, saura ya jira.

Na cika firiza da nama da kifi. Wannan ba ajiya ba ce?

Ajiya ce da ke hannun wani. Wanda ya ga dumso na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12, ba zai jingina da firiza ba. In wuta ta tafi kuma ba a buɗe ƙofa ba, firij yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Ki cike gurbin da ya rage da ledojin fiya wata, su daskare su riƙe sanyin, in sun narke a sha.

In kin ga abin zai wuce haka, kada ki zauna jiran ikon Allah da nama a ciki. Ki fitar ki soya shi ƙarau kamar na layya, ko ki sa gishiri ki kyafe. Naman da ya narke ya yi ɗumi ya wuni, ko bai yi wari ba, ya tafi.

Gas ko gawayi?

Duka biyun, in da hali. Shinkafa olonka goma ba wuta ado ce kawai. Mai gas ya ajiye kurfoti, wato murhun gawayi, da rabin buhun gawayi a inda ruwa ba ya taɓawa, da ashana a cikin kwalba mai murfi. Wake a jiƙa shi tun dare, yana rage cin wuta sosai. Shinkafa ko waakye, wato shinkafa da wake, in sun tafasa sun ɗauko nuna, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando, za ta ƙarasa da kanta.

Sai gargaɗin da ba na gajiya da shi: ruwa na zuba, sanyi ya shigo, sai a ja kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji barci ya kwanta, shi ke nan. A dafa a baranda, ko a bar ƙofa a buɗe.

Hajiya, abin da za a ci yau ma da ƙyar. Wannan magana ba ta masu kuɗi ba ce?

Na ji wannan, kuma ba zan ce ƙarya kike yi ba. Amma mai kuɗi ba ya buƙatar ajiya kamar ke, shi ko an ninka farashi zai saya. Mma tana da wata dabara da ta koya wa mata da yawa: duk lokacin da za ki ɗora shinkafa, bayan kin auna, ki ɗebi tafi ɗaya ki jefa a wani galan. Ba wanda zai ji a cikinsa. Wata biyu ki ɗaga galan ɗin ki ji nauyi. Da yayyafi kogi kan cika.

Ranar da ciniki ya yi kyau, ki ƙara abu ɗaya a cefane, sardin guda ko ƙullin gishiri. In kina susu, wato adashi, ɗauka ɗaya a shekara ki ware ta don hatsi kafin ankon biki ya gan ta. Mata huɗu ko biyar na gida ɗaya kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba da olonka a tsakar gida. Abin da mai awo ke ci a kanku ya dawo tukunyarku.

Ki kuma ɓoye 'yan sidi, kuɗinmu na Gana, a hannu, ƙananan takardu. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, mutane da yawa sun ga kuɗinsu a waya da banki amma hannu bai kai ba.

Wane lokaci ne hatsi ya fi araha?

Bayan kaka. Masarar Techiman da Ejura tana shigowa wajen Agusta da Satumba, amma da yake cikin ruwa ake girbe ta, sau da yawa ba ta gama bushewa ba. Araha ba ta ado. Wadda na fi so don ajiya ita ce ta arewa, masara da gero da wake da ke saukowa daga Nuwamba zuwa Janairu, hunturu ya busar da su. Tsada kuwa daga Mayu zuwa Yuli take, daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Akra. Kayan azumi, sukari da gero da dabino, a saye su tun Rajab.

Albasa da timatir labarinsu daban, don yawancinsu daga ƙetare suke zuwa, albasa daga Nijar, timatir daga Burkina Faso. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe iyaka, motocin albasa sun maƙale a hanya, kowa ya ji a miyarsa. Albasa ba ta son leda. Kwando, inuwa, iska. In ta yi araha ki yanka wani kaso ki shanya.

Malama, tara abinci ba rashin tawakkali ba ne? Kuma ba shi ne ɓoye abincin da aka hana ba?

Ni ba malama ba ce, abin da na ji daga malamai nake faɗa. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ba da shawarar a tara hatsin shekara bakwai na wadata don shekara bakwai na fari, har ya ce a bar shi a zangarniyarsa. Kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abinci lokacin da jama'a ke nema, ya kulle sito yana jiran ya yi tsada. Uwar gida mai bokiti huɗu ba ta cikin wannan.

Inda nake ganin za a iya shiga hakkin mutane shi ne ranar rububi, mai hali ya zo ya share teburin mai gari, na bayansa ya koma hannu rabbana. Wanda ya saya tun ana zaune lafiya ya kuɓuta daga wannan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwanan watan da ke jikin gwangwani, in ya wuce sai a zubar?

Madarar jarirai da magani, in sun wuce, a zubar ba gardama. Sauran kaya, ki fi duba jikin gwangwanin kansa. Wanda ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya loɓa a bakin ɗinki, ko tsatsa ta ci shi, ko ya yi tsartuwa da aka buɗe, kada ko a ɗanɗana. Ki yi hattara da kayan da ake karyar da farashinsu a bakin titi, waɗanda suka wuni a rana, wasu ma an goge kwanan watan. Na gida kuma, ki rubuta watan da kika saya da alƙalamin maka a kan murfi, tsoho a gaba, sabo a baya.

Ruwa ya shiga ɗaki ya taɓa kayan abinci. Me za a iya ceta?

Ruwan ambaliyar Akra ba ruwan sama ba ne, gwata ne da masai. Duk abin da ke buhu ko takarda ko leda ko kwalba mai murfin murɗawa, in ya nutse, ya tafi, ko da zuciya na ciwo. Gwangwanin da bai huje ba ana cire takardarsa, a wanke da sabulu, a tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu. Fiya wata da ta yi iyo a ciki fa, ki tuna da baki muke ɓula ta. In dole ce, a wanke ledar da sabulu, a yanka da almakashi mai tsabta, a juye a kofi.

Akwai jariri da tsohuwa mai ciwon sukari a gidan.

Jariri ɗan ƙasa da wata shida, nono ya ishe shi, kuma shi ne abincin da ambaliya ba ta gurɓatawa. Uwar za a ciyar a shayar. Wanda ya fara cin abinci, a ajiye masa garin tom brown, na soyayyen hatsi da ake dama kunu da shi, a kwalba. Kada a ba yaron da bai shekara ba zuma.

Hajiya kuwa, gari da sukari ba nata ba ne. A tanadar mata wake, gero, gyaɗa, kifi da kayan miya, kuma kada a bari maganinta ya rage ƙasa da na sati biyu kafin a karɓo wani. In allurar insulin take yi, a tambayi ma'aikatan asibitin da take zuwa yadda za a adana ta in babu wuta, tun kafin a ɗauke. A sa ledar gishiri da sukari ta asibiti guda biyar cikin kayan. In gudawa ta zo babu ita, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Duk abin da na ajiye, yara da baƙi da maƙwabta sai su ga bayansa.

Sardin da madara da Milo, waɗannan sai da kwaɗo, ba ni da wata dabara. Na taɓa buɗe bokitina ranar da nake buƙata na tarar da gwangwanaye a jere yadda na bar su, ashe ɗan ƙanwata ya huda su ta ƙasa ya shanye madarar ya mayar.

Maƙwabta kuwa, a zango muke. Wadda ta aiko yarinya da kofi yau, ita za ta riƙe miki yara gobe in kina asibiti. Tun wurin lissafi nake ƙara olonka biyu da na san ba cikinmu za su shiga ba, in sa su a bokiti daban. In an zo nema daga nan nake ɗiba, na ƙasan kuma ba na buɗe shi gaban kowa.

In ruwa ya kore mu cikin dare, me zan ɗauka?

Ba buhu ba. Jaka ɗaya da za ki iya rataya, yaro na bayanki. A ciki: gari da sukari da ƙuli-ƙuli a ƙulle, dabino, fiya wata kamar shida, maganin duk mai shan magani, tocila, kofi da cokali, 'yan kuɗi. Katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da na inshorar lafiya da takardun haihuwar yara a ninka su cikin leda biyu. Lambar gaggawa 112 ce, yaran da suka yi wayo su haddace ta. A kashe mita a rufe kan gas kafin a fita, kuma kada a ratsa ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, gwatocinmu da yawa ba su da murfi.

Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli jakar nan a ƙusa take kwana, bayan ƙofa, sama da kan yara. Garin da ke ciki ina canza shi duk ranar da na ga sabon wata.